Mai Hular Tagulla na Hannun Rachidou

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Yaya Rachidou ya koma Lyon. Ya sauka lafiya ko kada ya sauka, oho.

Ya zo ya duba Baba a asibiti, ya tsaya a bakin gado hannuwa cikin aljihu kamar mai taya tsohuwar mota. Ya zuba wa likitoci dogon faransanci, sannan ya biyo ni gida Saint-Denis ya buɗe akwatin ƙarfen marigayiya Inna ko izini babu. Wai shi ne babba, wai shi ne namiji. Ya kwashe takardun Baba kaf: fasfo, katin zama, takardar gidan Zinder, takardar aure. Har da tsohon littafin zanen nan na Amirka da ke kwance tsakanin atamfofin Inna tun muna yara, mai hoton jarumi yana ɗaga jirgin ruwa da hannu ɗaya, wanda muke ce wa Mai Hular Tagulla. Na ce, "Wannan kuma me za ka yi da shi?" Ya ce, "Batula, duk abin da yake takarda ne na Baba, daga yau yana wurina." Sa'ata ɗaya na ɗauki hoton komai da wayata kafin ya ja zif ɗin jakarsa, don na san wanda nake hulɗa da shi.

Ni ke dafa wa tsohon nan, ni ke yanke masa farce tun rasuwar Inna. Ni na same shi a ƙasa ranar nan. Ba zan rubuta ranar nan ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Madam Najla, mai kula da sha'anin iyalan marasa lafiya, ta zaunar da ni a ofishinta da muryar nan tasu mai laushi da ke sa in ji kamar in fasa tebur. Tsakiyar Nuwamba za su sallami Baba. Ba zai koma hawa na huɗu ba, gininmu ba shi da asansa mai hawa da mutane sama, shi kuma ƙafar dama da hannun dama sun daina jin magana. Ta ce ɗan'uwana ya riga ya samo wuri a wani gidan tsofaffi kusa da Lyon.

Gidan tsofaffi! Alhaji Mamuda, wanda rabin ƴan Zinder na Paris a falonsa suka fara kwana. Ashe har an gama shirya magana a bayana. Na ce mata ubana ba zai je inda baƙi za su riƙa juya shi kamar buhu ba, zan samo gida a ƙasa, in samo mai zama da shi idan ina butik, shagona na gyaran waya. Ta ce, "Da wane hali, madam?" Na tashi na fita ban rufe mata ƙofa ba.

Alhamis, da yamma

Baba ya sha kunun da na ɓoye a jaka. Rabi ya zube a wuyansa.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta.

Nassim ya zo butik ɗina a Barbès a sake masa gilashin waya. Balarabe ne ɗan Aljeriya, yana da kantin tsofaffin littattafan zane a ƙetaren kogi, kuma ya daɗe yana zuwa wurina. Don in cika shiru na nuna masa hoton Mai Hular Tagulla, na ce ga irin kayanku nan, wana ya sace. Mutumin nan ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu, metro ya wuce a samanmu har sau biyu bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Madam Batula, a ina mahaifinki ya samo wannan?"

Na gaya masa. Sana'ar Baba ke nan da ƙuruciyarsa, sayen tarkacen gidajen da aka tashi, ya cika kwantena ya aika Kwatano. Wannan a gidan wani Ba'amurke ya fito. Ya riƙe shi ne kawai don wai jarumin ya yi kama da wani jandarma da ya taɓa marinsa a Zinder. Inna ta sa shi cikin zannuwa, aka hana mu taɓawa.

Nassim ya ce fitowar farko ce ta jarumin, bugun lokacin yaƙin duniya. Akasarinsu an niƙa su tun a lokacin, sauran iyaye mata suka share suka zubar, waɗanda suka rage a duniya kaɗan ne. Masu tara su attajirai ne da ke faɗa a kansu a wurin gwanjo. Akwai masu dubawa a Amirka da ke ba kowane littafi maki daga ɗaya zuwa goma. Suna duba gadon bayansa, da ƴan ƙarafan da suka riƙe tsakiyarsa, da hasken takardar. Rabin maki kawai, in ji shi, kuɗin sabuwar mota ne. Kuma duhu da bushewar akwatin Inna sun yi masa abin da bankuna ba sa iyawa. A hoto dai yana ganin shida, ko fiye.

Na ce, "Bar ni da maki, nawa?" Ya ce, "Ƙaramin gida a Saint-Denis, da canji."

Na zauna a kan kwalin caja.

Kafin ya tafi ya riƙe ƙofa ya ce, "Ki kira wanki yau. Kada ya goge, kada ya manna masa tef ɗin sikoc, kada ya danne shi da komai, kada ma ya buɗe. Abin da ba a taɓa ba ake saye."

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Na kira Rachidou. Mun yi gaisuwa iya wuya, ina gida, ina Leïla, ina aiki. Na ce ya aiko mini da littafin zanen, abin tunawa da Inna ne. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Tun yaushe kika damu da littafin yara?" Na ce ya dai adana shi da kyau, yana da muhimmanci a wurina ƙwarai. Ya ce to.

Sauran bayanin Nassim ban faɗa ba. Idan na ce kada ya taɓa, zai tambayi dalili. Idan ya ji dalili, shi ke nan, matarsa Leïla ta sami sabon kicin, Baba kuma ya tafi gidan tsofaffi duk da haka. Wannan mutumin da ya sayar da motar Baba ya ce wai ta lalace? Ba da ni ba.

Talata, da azahar

Bai aiko ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan magariba

Na je na ga wani gida kusa da kanal ɗin ruwa. A ƙasa yake, ɗaki biyu, ƙofar bayi mai faɗi da keken guragu zai shiga, da ɗan fili a baya inda rana ke sauka da hantsi. Na tsaya a filin ina ganin inda zan ajiye kujerarsa da rediyonsa. Ɗan ajans ɗin, wato dillalin gidan, wani yaro mai takalmi mai tsini, yana ta kallon gyalena yana tambaya ko banki ya amince mini. Na ce ya ji da aikinsa. Nassim ya ce idan masu gwanjo suka ga littafin da idonsu, suna iya ba da wani abu tun kafin a sayar.

Na gaya wa Baba na samo mana gida mai rana. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Da kyau." Na fita baranda na yi abin da na yi, na wanke fuska na dawo.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Na sake kira. Wallahi na yi niyyar lallashi, amma muryarsa kaɗai ta isa ta tayar mini da hawan jini.

"Ke wai mene ne a cikin littafin nan? Kullum littafi, littafi. Baba bai mutu ba kin fara rabon gado?"

Ni! Ni ce mai rabon gado! Wanda ya cika jaka da takardun mutum yana kwance da ransa shi ke gaya mini haka. Na ce masa ɗan da ke ganin ubansa sau biyu a shekara ba shi da bakin magana. Na ce masa ya zama Bature har ƙashi, shi ya sa yake neman inda zai jibge tsoho ya huta. Ya ce, "Ke kuma za ki ɗauke shi a baya ki hau bene huɗu? Ki yi hankali da bakinki, ni yayanki ne." Na ce yayan banza. Ya kashe.

Ban yi nadama ba. Na rubuta, ban yi ba.

Litinin, da safe

Madam Najla ta ba ni takardun gidan tsofaffin in sa hannu. Suna cikin jakata ƙarƙashin kwanon kunu.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Saƙon murya daga Leïla, da Hausarta ta koyo mai kama da tafiyar agwagwa. Wai in kwantar da hankalina, Rachidou ya ga yadda littafin ya dame ni, ya kula da shi sosai, har ya kashe masa kuɗi. Ya kashe masa kuɗi! Wato ya sayi akwati mai makulli ke nan don kada in zo in ɗauka. Ko kuma ya kai an yi masa kuɗi a ɓoye, ya riga ya sani, suna can suna yi mini dariya. Munafukai, su biyun.

Na gaya wa Nassim ya shirya, Asabar za mu Lyon. Ya ce, "Kin dai faɗa masa abin da na ce?" Na ce na yi magana da shi.

Alhamis

Ɗan ajans ya kira. Akwai wasu masu so. Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi, cikin jirgin ƙasa

Hajiya Husainatu maƙwabciyata za ta kai wa Baba kunu yau. Nassim na gefena da wata jaka mai tauri da ya kawo musamman, da farin safar hannu, sai zumuɗi yake kamar mai zuwa ɗaukar amarya. Ya ce shekara talatin yana sana'ar nan bai taɓa riƙe irinsa ba. Yana ta ba ni labarin wani da ya yi asarar rabin kuɗin nasa don kakarsa ta rubuta sunansa a bango da biro. Na ce ya yi shiru kaina na ciwo.

Na shirya abin da zan ce. Zan karɓa a hannuna tukuna, sannan in faɗi kuɗin. Rabonsa zan ba shi, ni ba azzaluma ba ce, amma sai Baba ya shiga gidan nan.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Jiya ban iya rubutu ba.

Sun karɓe mu a falonsu na Villeurbanne a gefen Lyon kamar ba a yi komai ba. Sannu da zuwa, ya hanya, ya jikin Baba, ya sanyin Paris. Leïla ta kawo shayi da cincin. Na ce Nassim abokin ciniki ne mai sha'awar tsofaffin littattafai. Rachidou ya ce madalla, ya shiga ɗaki ya fito da jaka yana murmushi, irin murmushin da yake yi yana yaro idan ya zo na ɗaya a lakkol.

Ya fara fito da takardar gidan Zinder, tana ƙyalli. Takardar aure, tana ƙyalli. Ta haihuwa, ta aikin hajji, duka ya kai an plastifiye su, an rufe kowace cikin roba da injin zafi. Ban ji komai ba a lokacin, don haka muke yi. Diflomata a roba take. Katin allurar Inna a roba yake har ta rasu. Mu duk takardar da muke girmamawa roba muke yi mata, tun daga Zinder, saboda gara da ruwan sama da hannun yara.

Sai ya sa hannu ya fito da na ƙarshe.

Ya yi kauri kamar faranti goma a haɗe. Baƙar waya mai murɗe ta ratsa gefensa ta cikin huji, huji, huji, tun daga sama har ƙasa. Mai Hular Tagulla na ciki yana ɗaga jirginsa, yana walƙiya.

"Ga littafinki," in ji shi. "Na ga kin ɗaga hankalinki a kansa, na ce to abin nan ba ƙarami ba ne a wurin ƙanwata. Na kai wa mai fotokopi na Guillotière, na tsaya a kansa da kaina. Ya cire ƴan ƙarafan, ya raba shi ganye-ganye, ya daidaita bakin da wuƙar inji. Yanzu ko a baho kika jefa shi ba abin da zai same shi. Har jikokinki."

Nassim ya riga ya sa safar hannu ɗaya. Ya cire ta a hankali ya mayar aljihu. Ya karɓi abin, ya juya shafi ɗaya, ya yi ƙara kamar an taka gwangwani. Ya ajiye.

Rachidou ya ce, "Lafiya? Aikin bai yi kyau ba?"

Nassim ya dube ni. Na dubi kofin shayi. Sai ya faɗa masa, da faransanci, a taƙaice: mene ne littafin, su wa ke nemansa, da abin da zai kawo makonni biyu da suka wuce. Rachidou ya sa ya maimaita adadin. Ya ce, "Yanzu fa?" Nassim ya ce, "Yanzu sai dai mai son ya rataya a bango. Kuɗin tikitinmu na yau ma ba zai mayar ba."

Leïla ta toshe baki da hannu. Rachidou ya juyo gare ni, ya koma Hausa.

"Batula, kin sani?"

Na ce masa jaki. Na ce jaki mai kravat a wuya, mai digiri biyu da kan kabewa. Na ce wa ya aike ka, wa ya ce ka taɓa, ka kwashi abin da ba naka ba ka kai an yanka shi kamar kilishi. Na ce ka kashe Baba da hannunka. Duk abin da ya zo bakina na faɗa, har da maganar mota, har da ranar jana'izar Inna da ya iso bayan an rufe.

Bai rama ko ɗaya ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce ba ruwansa.

"Sau biyu kika kira ni. Kalma ɗaya. Me ya hana ki gaya mini kalma ɗaya?"

Ba zan rubuta amsar a nan ba. Ya tashi ya fita baranda ya ja ƙofar gilas. Ta ciki ina ganin kafaɗunsa suna motsi. Ya yi ta yi, ni ban ga abin tausayi ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Na kira Nassim na ce ba a iya ɓare robar? Ya ce zafin ya narkar da gam cikin takardar, idan aka ja, zanen zai biyo robar ya bar farar takarda. Na ce a Amirka fa? Ya ce ko a ina. Ya ce, "Da kin bar ni na yi magana da shi." Na ce ya kai wayarsa wani wuri daga yau.

Litinin, da la'asar

Ɗan ajans. Na bar wayar tana ta ƙara.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Jaki. Jaki. Jaki.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Rachidou ya aiko da littafin ta gidan waya, ba ko wasiƙa. Na ɗora a kan firij. Hajiya Husainatu ta shigo ta gani ta ɗauka tana juyawa, ta ce, "Kai, wa ya yi wannan aiki mai kyau haka? Ina ne, in kai takardun yarana?" Na ce ta ajiye ta fita. Matar da ke kai wa ubana kunu. Gobe sai na je ba ta haƙuri, wannan ma a kan Rachidou yake.

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Na zaga duk inda zan zaga. Ofishin magajin gari sun ce gida a hawan ƙasa sai an jira shekaru. Alhazan Barbès da suka ci tuwon Baba sun yi mini addu'a mai tsawo, kowa ya kama gabansa. Allah ya isa.

Baba ya tambaye ni gida mai rana. Na ce ana fenti.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na sa hannu. Takardar ta yi tabon kunu, Madam Najla ta karɓa haka nan.

Lahadi

Rachidou ya kira sau uku. Ya rubuto wai zai riƙa zuwa wurin Baba kullum bayan aiki, wai zai biya mini jirgi duk wata. Ya riƙe kuɗinsa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar, cikin jirgin ƙasa

Da motar asibiti muka tafi tun safe, ni a baya kusa da shi. Ya sa na saka masa farar rigarsa ta Juma'a da hula, don na ce masa yau za mu tashi. Bai tambayi dalilin nisan hanyar ba, barci ya yi ta yi.

Wurin fes yake, yana warin javel, ruwan wanke ƙasa. Tsofaffin Turawa jere a gaban talabijin, ba mai kallo. Rachidou na jiranmu a bakin ƙofa, ya rame, ya ce, "Sannu, Batula." Na wuce shi. Ɗakin na hawa na biyu, taga na kallon wurin ajiye motoci. Na jera kayansa a kabad, na nuna wa ma'aikaciyar alƙibla, na ce ba ya cin alade, ba ya son ruwan sanyi, kuma a yi masa magana ta kunnen hagu. Ta ce to, to, tana duba agogo.

Baba yana kan keke yana bin ɗakin da ido. Ya dubi gadon mai ƙarafa, ya dubi Rachidou, ya dube ni. Da na ɗauki jakata sai ya miƙa hannun hagu ya jawo takalmansa daga kan gado ya ɗora a cinya, ya riƙe su gam, yana jira in tura shi mu tafi.

Na ce, "Baba, bari in je in sayo burodi in dawo."

Ya daɗe yana haɗa kalmar. Ya ce, "Yi sauri."

Yanzu jirgin ya wuce Mâcon.